Riƙo da Saki: Aikin Hannu da Yatsu a Jifan Ƙwallon Kurket

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa gonakin Bauranya da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada a ƙarshen damina, lokacin da gero ya fara nuna, ba zai rasa ganin yara a bakin gona suna korar tsuntsaye ba. Wani da hoge, wani da tsakuwa, wani kuma da majajjawa. Idan aka lura da kyau, za a ga yara biyu masu ƙarfi ɗaya sun ɗauki dutse iri ɗaya, amma na ɗaya ya sauka daidai inda tsuntsayen suke, na ɗayan kuwa ya tashi sama ko ya daki ƙasa kusa da shi. Bambancin da ke tsakaninsu yana cikin yadda kowa ya riƙe dutsen da kuma lokacin da ya sake shi. Hausawa sun ce, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Sai dai wurin da zai faɗo ɗin, yatsu ne ke zaɓar sa.

Wannan babi ya yi bayani a kan matsayin hannu da yatsu yayin sakin ƙwallo a wasan kurket, wasan da jifa ke zama rabinsa. Manufar ita ce ɗalibi mai shirin zama malami ya fahimci yadda abin yake, ya kuma mallaki kalmomin Hausa da zai bayyana shi da su ga yaran da za a damƙa masa. Abin da babin ya ginu a kai shi ne: yaron karkara yakan zo makaranta da ƙwarewar yatsu wadda ya samo daga jifan gida. Aikin malami shi ne ya kiyaye wannan ƙwarewa, ya gyara abu guda kawai, wato gwiwar hannu.

2.0 Kurket a Ƙasar Hausa

Kurket wasa ne da ya samo asali daga Ingila, kuma ya shigo Nijeriya tare da Turawan mulkin mallaka. Tun a shekarar 1904 aka yi karawa tsakanin 'yan wasan Legas da na ƙasar da a yau ake kira Gana. A Arewa kuwa, makarantu ne suka zama ƙofar shigowarsa. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a 1922 domin horar da malamai, tana cikin wuraren da aka fi sanin wasan. Ɗalibanta sun yi kurket, sun kuma yi wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu. Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya shahara da son waɗannan wasanni biyu. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga baya Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ashe ke nan, malaman makaranta suna cikin waɗanda suka fara riƙe ƙwallon kurket a ƙasar Katsina.

Ƙwallon ƙafa ya danne wasan na tsawon lokaci, amma bai mutu ba. A 2002 Nijeriya ta sami matsayin mamba a hukumar kurket ta duniya. A 2020 samari 'yan ƙasa da shekara 19 sun halarci gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. A 2024 ƙungiyar mata ta ciyo lambar tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Akara. A watan Janairun 2025 kuma, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da ratar maki 2 a gasar duniya da aka yi a Maleshiya. An kuma sanya kurket cikin wasannin Olamfik na 2028, bayan rabonsa da su tun 1900. Saboda haka yaro ko yarinyar da malami ya koya wa riƙon ƙwallo daidai a filin firamare, akwai inda hanyar za ta iya kai su.

3.0 Fage da Ƙwallo

Kafin a yi maganar yatsu, wajibi ne a san abin da ake jifa da shi da kuma abin da ake jifa. A tsakiyar filin kurket akwai wani fage mai tsawon mita 20.12. A kowane ƙarshensa an kafa turaku uku, tsayinsu santimita 71, faɗinsu gaba ɗaya bai kai santimita 23 ba. Mai bugu yana tsaye a gaban turakun da faffaɗar sanda yana kare su. Majefi kuma yakan taho da gudu daga ɗaya ƙarshen, ya saki ƙwallon ya daki ƙasa sau ɗaya kafin ya isa ga mai bugu. Burinsa shi ne ya ka da turakun, ko ya ruɗi mai bugu ya yi kuskure. Kowane majefi yana yin jifa shida a jere, sannan wani ya karɓa daga ɗaya ƙarshen.

Ƙwallon na manya maza nauyinsa tsakanin giram 156 ne zuwa 163. Na mata da na yara sun fi shi sauƙi da ƙanƙanta. Cikinsa toto ne mai tauri da aka naɗe da zare, aka rufe da fata. Abin da ya fi muhimmanci a jikinsa shi ne ɗinki: layuka shida na zare da suka kewaye tsakiyarsa suka ɗan yi tudu, suka raba shi gida biyu. Duk wani riƙo da za a bayyana a wannan babi, da wannan ɗinki ake auna shi.

Lissafi kaɗan zai nuna dalilin da ya sa ake tsananta maganar saki. Idan hannu ya kauce da digiri ɗaya tak lokacin da ƙwallon ke barin yatsu, kafin ya isa ɗaya ƙarshen ya kauce da fiye da santimita 30, wato ya wuce faɗin turakun baki ɗaya. Gudun da majefi ya yi da ƙarfin da ya tara duk sun tashi a banza saboda kuskuren da ido ba ya ko gani.

4.0 Hannu a Matsayin Igiyar Majajjawa

A nan ne jifan kurket ya rabu da jifan gida. Yaron da zai jefi mangwaro ko goruba yakan lanƙwasa gwiwar hannunsa, sannan ya miƙe ta da ƙarfi. Dokar kurket ta hana haka. Daga lokacin da hannu ya kai daidai kafaɗa a kan hanyarsa ta zuwa sama har ƙwallon ya fita, ba a yarda majefi ya miƙe lanƙwasasshiyar gwiwa ba. Da yake bincike ya nuna cewa kusan kowane majefi gwiwarsa takan ɗan motsa, tun 2005 hukumar duniya ta ƙayyade cewa motsin kada ya wuce digiri 15. Wanda ya karya wannan ƙa'ida, alƙalin wasa zai soke jifansa, a kuma ba abokan hamayya maki.

Ba haka wasan ya fara ba. Da can ta ƙasa ake garo ƙwallon. A 1835 aka halatta ɗaga hannu zuwa daidai kafaɗa, a 1864 kuma aka halatta kewayo da shi ta saman kai, wanda shi ne ake yi har yau.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar da yaron ƙauye wannan motsi ita ce a tuna masa majajjawa. Igiyar majajjawa ba ta da gwiwa. Kewayawa take yi a miƙe, dutse yana ƙarshenta, sai mai ita ya saki bakin igiya ɗaya dutsen ya tafi. Haka hannun majefi yake: kafaɗa ita ce wurin riƙo, hannu shi ne igiya, yatsu su ne 'yar fatar da dutse ke zama a ciki. Duk yaron da ya taɓa wurga majajjawa ya san cewa in ya saki da wuri dutsen sama zai yi, in ya makara ƙasa zai daka. Wannan doka ita ce dai a kurket. Wurin sakin da ya dace shi ne jim kaɗan bayan hannu ya wuce ƙololuwar kewayensa, yana gab da kunne, ya fara gangarowa gaba.

Tun da an ɗaure gwiwa, sauran 'yancin da ya rage wa majefi yana ga wuyan hannu da yatsu. Shi ya sa dukkan dabarun jifan kurket suka taru a wannan ɗan wuri.

5.0 Sunayen Yatsu da Kalmomin Aiki

Malami ba zai iya gyara riƙon yaro da baki ba sai sun yi tarayya a kan sunaye. A wannan babi an yi amfani da waɗannan: babban yatsa, manuniya, yatsan tsakiya, yatsan zobe, da ƙaramin yatsa. Kowane yatsa, ban da babba, yana da gaɓa uku, kuma gaɓar farko ita ce wadda ke ɗauke da farce.

Haka nan ya kamata a bambanta wasu kalmomin aiki da Hausa ta tanada. Riƙewa daban, damƙewa daban: wanda ya damƙe abu ya cusa shi cikin tafi ya matse, wanda ya riƙe kuwa yana iya yin haka da kan yatsu kawai. Murzawa aikin yatsu ne, kamar yadda mai kaɗi ke murza mazari. Murɗawa aikin wuyan hannu ne, kamar yadda ake murɗa wuyan buhu kafin a ɗaure. Saki kuma ya bambanta da turawa. Idan malami ya zaɓi kalmar da ta dace, yaro yakan gyara hannunsa tun ba a taɓa shi ba.

6.0 Riƙon Jifan Sauri

Wannan shi ne tushe, kuma da shi ake fara koyarwa. Ana tsayar da ƙwallon yadda ɗinkinsa zai miƙe daga sama zuwa ƙasa yana fuskantar turaku. Sai a ɗora manuniya da yatsan tsakiya a sama, kusa da juna, ɗaya a kowane gefen ɗinkin. Babban yatsa yana ƙasa, gefensa na tokare da ɗinkin. Yatsan zobe da ƙaramin yatsa suna lanƙwashe a gefe, aikinsu tallafi ne kurum. Dole ne a bar 'yar tazara tsakanin ƙwallon da tafin hannu, wadda yatsa ɗaya zai iya shiga. Riƙon ya zama irin na mai ɗauke da ƙwai: kada ya suɓuce, kada kuma ya fashe.

Yayin da hannu ke hawa sama, wuyan hannu yana ɗan tanƙwashe baya, yana bayan ƙwallon sosai, tafi na duban mai bugu. Da an kai wurin saki, babban yatsa ne ke fara rabuwa da ƙwallon. Daga nan wuyan hannu ya karyo gaba, manuniya da yatsan tsakiya su shafo bayan ƙwallon zuwa ƙasa, su zama na ƙarshe da suka taɓa shi. Wannan shafa ita ke sa ƙwallon ya tafi yana juyawa da baya, juyin kuma shi ke riƙe ɗinkin a tsaye cikin iska, kamar yadda tayar keke ba ta faɗuwa muddin tana gudu. Amfanin tsayuwar ɗinki shi ne, idan ya daki ƙasa a kan tudun zaren, ƙwallon yakan ɗan kauce dama ko hagu ba tare da mai bugu ya san inda zai nufa ba.

Gwanayen wannan jifa sukan kai gudun kilomita 130 zuwa 150 a sa'a. A irin wannan gudu, abin da mai bugu ke da shi kimanin rabin daƙiƙa ne. Jifa mafi sauri da aka auna shi ne na Shoaib Akhtar na Pakistan, kilomita 161.3 a sa'a, a gasar duniya ta 2003. Duk da haka, majefi mai wayo yakan sauya gudu da yatsu kawai. Idan ya buɗa yatsun nan biyu sosai, ko ya tura ƙwallon cikin tafi, zai fita a hankali alhali hannu bai rage sauri ba, sai mai bugu ya kai sanda tun ƙwallon bai iso ba. Abin da yake kuskure ga mai koyo ya zama makami ga wanda ya san abin da yake yi.

7.0 Karkatar da Ƙwallo a Iska

'Yan wasa sukan riƙa goge gefe ɗaya na ƙwallon a jikin wando domin ya yi sheƙi, su bar ɗaya gefen ya yi kaushi. Iska ba ta bin gefen nan biyu iri ɗaya, don haka ƙwallon yakan karkata zuwa gefen da ya yi kaushi. A da ana haɗawa da yawu wajen gogewar, amma an dakatar da haka a 2020 saboda annobar korona, aka kuma tabbatar da hanin a 2022.

Riƙon bai bambanta da na jifan sauri ba, sai dai ana ɗan karkata ɗinkin, kimanin digiri 20, zuwa inda ake son ƙwallon ya nufa. A ɗauka majefi da mai bugu duk na-dama ne. Idan majefi ya karkata ɗinkin zuwa hagunsa, gefe mai sheƙi yana dama, ƙwallon zai lanƙwasa hagu, yana guje wa jikin mai bugu. Idan ya karkata shi zuwa dama, mai sheƙi yana hagu, ƙwallon zai shigo wa mai bugu ta wajen ƙafafunsa. Sharaɗin duka biyun ɗaya ne: wuyan hannu ya tsaya a bayan ƙwallon. Da ya zame gefe, ɗinkin zai tafi yana rawa, karkatar kuma ta ɓace.

8.0 Jifan Juyi

Akwai majefan da ba su dogara da sauri ba. Su ƙwallon suke sa wa juyi kamar katantanwa, yadda in ya daki ƙasa zai canza hanya. Busasshiyar ƙasa mai ƙura, irin ta filayen makarantun Katsina da rani, tana taimakon wannan jifa, domin ɗinkin yakan sami abin kamawa. Jifan juyi iri biyu ne.

Na farko shi ne juyin yatsa. Ana kwantar da ɗinkin a gicciye, a buɗa manuniya da yatsan tsakiya sosai, gaɓoɓinsu na farko su kama ɗinkin. Babban yatsa ba shi da wani aiki. Wajen saki, sai a murza ƙwallon da manuniya zuwa dama, kamar mai juya mabuɗi a cikin kwaɗo. Idan majefi na-dama ne, ƙwallon zai daki ƙasa ya karya daga hagunsa zuwa dama. Wannan ya fi sauƙin koyo, kuma ya fi sauƙin sarrafawa.

Na biyu shi ne juyin wuyan hannu. Ɗinkin yana gicciye kamar dai na farko, manuniya da yatsan tsakiya suna sama, amma yatsan zobe ne ke lanƙwashe a jikin ɗinkin, kuma shi ne mai aikin. Ana tanƙwasa wuyan hannu ciki, wajen saki a warware shi da ƙarfi, yatsan zobe ya miƙe ya fizgi ƙwallon zuwa hagu. Ƙwallon yakan fita ta gefen ƙaramin yatsa, ya daki ƙasa ya karya daga dama zuwa hagu. Juyinsa ya fi na yatsa ƙarfi, amma yakan ɗauki shekaru kafin a mallake shi. A wajajen 1900 wani Bature mai suna Bernard Bosanquet ya gano cewa idan aka ƙara murɗa wuyan hannu har bayan hannu ya dubi mai bugu, ƙwallon zai karya ta ɗaya ɓangaren, alhali motsin hannun ya yi kama da na kullum. Har yau wannan dabara tana cikin manyan tarkunan wasan.

Abin lura ne cewa mutum biyu da suka fi kowa fitar da masu bugu a tarihin manyan wasannin kwana biyar na ƙasa da ƙasa duk majefan juyi ne: Muttiah Muralitharan na Siri Lanka ya fitar da 800, Shane Warne na Ostareliya kuma 708. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne ga yaro marar girman jiki, domin a nan dabara ta fi ƙarfi.

9.0 Kwatanci da Wasan Gara Ƙwallo

Akwai wani wasan da ake yi a cikin ɗaki a manyan birane irin su Abuja da Legas, inda ake gara ƙaton ƙwallo a kan daɓen katako mai tsawon kimanin mita 18 domin a ka da turaku goma. Nauyin ƙwallon yakan kai kilo 7, kuma yana da ramuka uku: na babban yatsa, na yatsan tsakiya, da na yatsan zobe. Ko da yake ta ƙasa ake sakinsa, tsarin sakin bai sauya ba. Babban yatsa ne ke fara fita, sauran biyun su biyo baya suna ɗaga ƙwallon, su ba shi juyin da zai sa ya lanƙwasa kafin ya isa turakun. Wanda ya matse babban yatsansa a cikin rami, ƙwallon zai maƙale masa ya fita a makare. Wannan ya nuna cewa ƙa'idar ta game kowane irin jifa: yatsan da ya taɓa abu a ƙarshe, shi ke ba shi umarni.

10.0 Matakan Koyarwa

Rashin kayan wasa bai isa ya hana malamin ƙauye fara wannan darasi ba. Ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif ya wadatar, kuma da irinsa yaran Pakistan da yawa suke fara wasa a kan titi. Sai a ja layi a tsakiyarsa da alƙalami ya tsaya a matsayin ɗinki. Kara uku na dawa sun isa turaku. Ga yaran firamare, a rage tsawon fagen zuwa mita 14 ko 16. Ga matakan da ya kamata a bi:

(a) A zaunar da yara, kowa ya riƙe ƙwallo, malami ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba matsayin yatsu da tazarar tafi.

(b) Yaro ya riƙa cilla ƙwallon sama kaɗan da yatsu biyu yana cafewa, yana duban layin. Idan layin ya tsaya cak, sakin ya yi daidai. Idan yana rawa, akwai gyara. Ta haka ƙwallon da kansa ke gaya wa yaro kuskurensa.

(c) Yara su tsaya biyu-biyu, tazarar mita 8, su durƙusa a kan gwiwa ɗaya suna jefa wa juna da miƙaƙƙen hannu. Durƙuson yana hana su dogara da gudu.

(d) Su miƙe tsaye, su ba abokin jifa gefen jiki, hannun da ba ya jifa ya nuna sama, sannan su kewayo da hannun jifa ya shafi kunne.

(e) Sai bayan waɗannan sun zauna za a ƙara taku uku, sannan biyar, sannan gudu.

(f) A shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma a wurin da ake son ƙwallon ya sauka, a riƙa ƙidaya wanda ya fi samun ta cikin jifa shida.

Domin koyon juyi, lemo ko ɗan goruba ya isa. Yaro ya riƙa murza shi daga hannu zuwa hannu yana tafiya gida, har yatsunsa su saba.

11.0 Kurakurai da Kiyaye Lafiya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne komawa ga jifan gida, wato lanƙwasa gwiwa, musamman idan yaro ya ga ana kallonsa yana son ya nuna ƙarfi. Wajibi ne a gyara wannan tun ranar farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka bari ya girma da wannan ɗabi'a, ranar da ya je gasar jiha alƙali zai soke jifansa a gaban jama'a, kuma sauya hannun da ya shekara biyar a kan kuskure abu ne mai wuyar gaske. Yara da yawa daga nan suke barin wasan.

Sauran kurakuran sun haɗa da damƙe ƙwallo a tafi, da sandarar da wuyan hannu, da kawar da kai gefe wajen saki, da tsayar da hannu da zarar ƙwallon ya fita. Hannu ya kamata ya ci gaba da tafiya har ya wuce cinyar ɗaya ɓangaren, domin tsayar da shi farat ɗaya yana jawo ciwon kafaɗa.

Akwai kuma batun bahago. A al'ada akan matsa wa yaro ya yi komai da dama, kuma wannan yana da muhallinsa a wajen cin abinci da miƙa abu ga manya. A filin wasa kuwa, kada malami ya tilasta wa bahago sauya hannu. Duk bayanin da ya gabata ya shafe shi, sai dai a juya dama ta koma hagu. Majefi bahago abin nema ne a kowace ƙungiya, saboda masu bugu ba su saba da kusurwar da ƙwallonsa ke fitowa ba.

Ta fuskar lafiya, kada a ba ƙananan yara ƙwallon fata mai tauri sai da kayan kariya. A yanke farce kafin wasa. Jifan sauri yana wahalar da bayan yaro mai tasowa, don haka kada ya wuce zagaye uku ko huɗu na jifa shida-shida ba tare da hutu ba. Da hunturu fatar yatsu takan bushe ta tsage, musamman manuniyar mai jifan juyi. Shafa man kaɗanya da dare yana taimakawa, amma a wanke hannu kafin wasa, domin maiƙo yana sa ƙwallo suɓucewa, kuma doka ta hana shafa wa ƙwallon wani abu.

12.0 Kammalawa

An ga yadda dokar kurket ta ɗaure gwiwar hannu ta bar wa wuyan hannu da yatsu ragamar jifa. An kuma ga cewa yatsu biyu a gefen ɗinki suna ba da sauri da daidaito, karkata ɗinki yana lanƙwasa ƙwallo a iska, manuniya ko yatsan zobe kuma suna ba shi juyi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo ƙwarai ga yaron da ya tashi yana wurga majajjawa, yana murza katantanwa, yana kallon kakarsa tana kaɗi. Malamin da ya fara daga abin da yaro ya sani, ya kira kowane yatsa da sunansa, ya kuma yi haƙuri da matakan farko, zai ga amfanin haka a hannun ɗalibansa kafin zangon karatu ya ƙare.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin jifan gida da jifan kurket, tare da kawo misalin majajjawa.

2. Fayyace matsayin kowane yatsa a riƙon jifan sauri.

3. Mene ne bambancin murzawa da murɗawa? Danganta kowace kalma da irin jifan juyin da ya dace da ita.

4. Tsara darasin minti 35 domin koya wa 'yan aji biyar na firamare riƙo da saki, ta amfani da kayan da ake samu a ƙauye.